Kuɗin gas da abin da ba a faɗa wa ƙannenmu

Jama'a, ina da magana da masu koyar da harkar kirifto a Facebook da Telegram da zaurukan WhatsApp, musamman waɗanda ƙannenmu ke ce wa oga, suna bin duk abin da suka faɗa. Kuna koya wa yara buɗe walet, wato asusun ajiye kuɗin kirifto, kuna nuna musu hoton ribar da kuka ci. To kuɗin gas fa? Kwantiragin, wato manhajar da ke zartar da ciniki da kanta, da suke danna amincewa da shi fa? Ta nan kuɗin talaka ke zurarewa, kuma a nan ne bakinku ya fi mutuwa.

Duk abin da mutum zai yi a kan Ethereum, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kirifto, tura kuɗi ne ko sayen NFT (shaidar mallakar hoto ko wani abu na dijital), sai dubban kwamfutoci sun tantance shi sun rubuta, kuma wurin rubutun a ƙayyade yake. Gas shi ne ma'aunin wannan aikin. Tura ETH, kwandalar Ethereum, daga walet zuwa walet yana cin gas 21,000, idan kuwa aikin ya bi ta cikin kwantiragi sai ya ninka haka. Farashin gas ɗin kuma yana hawa yana sauka gwargwadon cunkoso. Kamar tashar mota ce a jajibirin sallah: kujeru ba su ƙaru ba, fasinja sun yi yawa, kuɗin mota ya tashi, kuma direba kujera yake caja, ba ruwansa da ko gwal ka ɗauko ko ƙullin goro. Mai tura dala miliyan da mai tura dala goma kuɗi ɗaya za su biya. Na farko ko a jikinsa. Na biyu kuwa, wata rana kuɗin motar ya fi kayan.

An gani a aikace. A watan Nuwamba na 2021 dubban mutane suka yi karo-karo a ƙarƙashin ConstitutionDAO, suka tara sama da dala miliyan 40 don sayen wani tsohon bugu na kundin tsarin mulkin Amurka a gwanjon Sotheby's. Attajiri Ken Griffin ya kayar da su da dala miliyan 43.2. Aka ce kowa ya zo ya karɓi kuɗinsa. Nan masu ƙaramar gudummawa suka gane cewa sun biya gas wajen zubawa, za su sake biya wajen cirewa, wasu ma abin da zai dawo hannunsu bai kai kuɗin cirewar ba. A ƙarshen Afrilun 2022 kuma, ranar da kamfanin Yuga Labs, mai hotunan birai na Bored Ape, ya saki filayen Otherside, gas kaɗai ya cinye sama da dala miliyan 150 cikin sa'o'i. Mutane da yawa sayensu ya faɗi amma an cire musu gas, don ƙa'idar ke nan: ko aiki bai yiwu ba, abin da ya ƙone ya ƙone. Daga baya kamfanin ya biya su, amma ganin damarsa ne, tsarin bai tilasta masa ba.

Na san za a ce ai yanzu an samu sauƙi, kuma gaskiya ne. Sauyin da Ethereum ta yi a Satumban 2022 wutar lantarki ya rage, bai taɓa kuɗin gas ba, duk da yadda aka yi ta yayatawa. Gyaran da aka yi mata mai suna Dencun a Maris 2024 shi ne ya sa hanyoyin da aka gina a kanta, irin su Arbitrum da Optimism da Base, suka yi araha sosai. Sai dai hanyoyin sun yi yawa, kuma kowace da kwandalar da take karɓa a matsayin gas. Na ga wani matashi a rumfar cajin waya, an biya shi ladan aikin zane da USDT, kwandalar kirifto mai darajar dala, ta wata hanya mai suna Tron. Ga kuɗi yana gani a fuskar waya, ya danna tura, jan rubutu ya fito. Ya sake dannawa, haka dai. Ya ɗauka an damfare shi, har gumi ya keto masa. Ashe TRX, kwandalar da Tron ke karɓa a matsayin gas, ce babu a walet ɗin, kuma duk karatun da ya sha a zaure ba wanda ya taɓa ce masa sai da ita kuɗin zai motsa.

Batun kwantiragi ya fi wannan tayar mini da hankali. Kwantiragi mai zartar da kansa manhaja ce da aka ɗora a bulokcen, wato kundin da kwamfutocin nan ke rubuta komai a ciki, tana yin abin da aka rubuta mata daidai wa daida. Ba ta san abin da oga ya faɗa a saƙon murya ba, ba ta san niyyarka ba, kuma babu sarkin kasuwa da za ka kai wa ƙara. A watan Yuni na 2016 wani ya gano ɓaraka a kwantiragin wani asusun karo-karo na zuba jari mai suna The DAO, ya janye ETH kusan miliyan 3.6. Bai fasa ƙofar kowa ba, abin da rubutun ya ba shi dama shi ya yi. Don a dawo da kuɗin sai da aka raba Ethereum gida biyu, abin da ya haifar da Ethereum Classic. An yi haka ne saboda girman asarar. Ba wanda zai raba bulokcen saboda kuɗin makarantar ƙaninka.

Kuma ga yadda ake cutar namu a yau. Tun bayan wasannin Telegram na Notcoin da Hamster Kombat a 2024, yara sun saba da danna duk wata mahaɗa da aka ce akwai rabon kyauta. Shafi ya buɗe, ya ce haɗa walet, ƙaramin akwati ya fito da turanci da dogayen lambobi, maɓalli biyu a ƙasa. Yatsa ya tafi kan na dama. Sau da yawa abin da aka amince da shi ba karɓar kyauta ba ne, izini ne aka ba kwantiragin ya ɗebi kwandalar da ke walet ɗin ba tare da iyaka ba, ko ya kwashe duk NFT ɗin da ke cikin wani tari. Izinin nan ba ya mutuwa da kansa. Yana nan har sai ka soke shi, sokewar ma da kuɗin gas. Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin da ya sa wa bankuna kan harkar kirifto a Disamban 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta san da kadarorin dijital, amma babu hukumar da ke da maɓallin mayar da abin da ka sa wa hannu da kanka.

NFT ɗin kansa ba na ƙyamarsa. Osinachi, ɗan Aba, da Microsoft Word yake zane, kuma a 2021 ayyukansa suka shiga gwanjon Christie's. Amma shi da sana'a ya shigo, shekaru yana yi. A 2021 ɗin dai aka sayar da aikin wani mai zane da ake kira Beeple dala miliyan 69, aka sayi NFT ɗin saƙon farko na Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, dala miliyan 2.9. Da wanda ya sayi saƙon ya fitar da shi kasuwa a Afrilun 2022, tayin da ya samu a lokacin rufe gwanjon bai kai dala 300 ba. Ya kamata a gaya wa mai saye cewa abin da ya mallaka lamba ce a kwantiragi, galibi hoton yana ajiye a wani wuri daban, kuma haƙƙin mallakar zanen ba ya biyo sayen sai in an rubuta haka. Mai zane ma a gaya masa: kason da aka yi alkawarin zai riƙa samu duk sanda aka sake sayar da aikinsa, kasuwanni ne ke zartar da shi in sun so, kuma OpenSea, babbar kasuwar NFT, ta mayar da shi na ganin dama a 2023.

Don haka roƙona gare ku, malaman kirifto, don Allah ku sauya tsarin darasi. Kafin yaro ya sa sisi, ku ɗora shi a kan Sepolia, hanyar gwaji da kuɗinta ba na gaske ba ne, ya tura, aikin ya faɗi, ya ga gas ya tafi. Ku buɗe masa Etherscan, shafin da ke nuna duk abin da aka rubuta a Ethereum, ya ga adireshin kwantiragi da abin da aka caje shi. Ku sa ya ba da izini ya kuma soke shi da hannunsa. Wanda kuma ake ba shi la'ada a kan kowane mutum da ya kawo, ya faɗa a fili a saman rubutunsa, don yaran nan sun ɗauka shawara ce ta ɗan uwa kuke ba su.