Zangon bazara a jami'o'in Amurka da shekarar da kariyoba ke cinye wa ɗalibanmu

Ɗalibin da ya faɗi kwas ɗaya a zangon farko na shekararsa ta ƙarshe a jami'ar gwamnati a gida Najeriya ya san abin da ke jiransa. Ba za a sake koyar da kwas ɗin ba sai zangon farko na baɗi. Abokan karatunsa su tafi bautar ƙasa, shi kuwa ya zauna shekara guda cur saboda kiredit uku. A nan Amurka irin wannan matsala cikin mako shida ake kashe ta, a gajeren zangon da ake buɗewa daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da a gida damina ta kankama amma su suke kiransa bazara.

Sai dai kada kowa ya ɗauka sauƙi ne. Zangon da aka saba mako 15 ne ko 16. Ƙa'idar kiredit ɗaya a nan ita ce awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari a gida kowane mako. Kwas mai kiredit uku ke nan yana cin awa 135. A zangon bazara ba a rage ko awa ɗaya, matse su ake yi. Raba 135 gida shida, ka samu fiye da awa 22 a mako a kan kwas ɗaya tak. Wanda ya ɗauki biyu ya kai awa 45, ya zarce ma'aikacin da ke wuni a ofis. Shi ya sa nake ganin kwas ɗaya a kowane rabin bazara ya wadatar, musamman idan lissafi ne ko kimiyyar haɗa sinadarai mai ɗakin gwaji. Rashin zuwa aji kwana biyu daidai yake da rasa mako guda da ɗoriya, jarrabawar tsakiya kuma a mako na uku take faɗowa, kafin wani ma ya gama sayen littafi.

Wa'adin janyewa shi ma gajere ne. Sau da yawa kwana biyu ko uku ne kawai ake ba ka ka fita a mayar maka da kuɗinka. Bayan haka harafin W, alamar ka janye daga kwas, ya hau takardar sakamakonka, kuɗin kuma ya tafi. Kuɗin bazara bisa kowane kiredit ake lissafa shi, kuma tallafin karatu da yawa ba ya haɗawa da shi, don haka a tambayi ofishin tallafi tun Maris, kafin rajista.

Masu neman rangwame sukan ɗauki kwas a kwalejin al'umma, wato ƙaramar kwalejin yanki mai karatun shekara biyu, inda kuɗi ya fi sauƙi, su kai kiredit ɗin jami'arsu. Dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi: a samu amincewar sashe a rubuce kafin a biya ko sisi. Yawanci sai an ci C zuwa sama ake karɓa, kuma kiredit ɗin ne ke shiga, makin ba ya taɓa GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Wanda ya faɗi kwas yana son goge makin, a jami'arsa ya kamata ya maimaita.

'Yan'uwa masu bizar karatu ta F-1, ku lura da wannan. Dole ne ɗalibin digiri na farko ya riƙe kiredit 12 a zangon kaka da na bayan sabuwar shekara, amma bazara hutu ce ga wanda zai dawo zango mai zuwa, yana iya ɗaukar kwas ɗaya ko ya bari. Hukuncin yana canzawa idan bazarar ce zangonka na farko ko na ƙarshe, kuma a na ƙarshe ba a yarda kwas ɗin da ya rage ya zama na intanet zalla ba. Jami'in ɗaliban ƙasashen waje ne zai tabbatar maka, ba abokin ɗaki ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne karatu a lokacin hutu ba baƙon abu ba ne a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyar da malaman makaranta a lokacin dogon hutu, wasu jami'o'i masu zaman kansu kuma suna da zangon bazara. Abin da ya hana na gwamnati buɗe irin wannan zango ga masu kariyoba shi ne kalandar da ta wargaje: yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 wata takwas, kuma jami'ar da ke tseren cike giɓi ba ta da hutun da za ta saka wani zango a ciki.

Duk da haka ana iya farawa da kaɗan. A buɗe mako shida ga 'yan ajin ƙarshe kawai, masu kariyoba da bai wuce kiredit shida ba. A biya malamin haƙƙinsa daban daga albashi, a kuma ƙayyade kuɗin yadda ɗan talaka zai iya, a sa wani malamin ya duba takardun jarrabawar, don kada a wayi gari faɗar da ɗalibai ya zama hanyar samun kuɗi. Jinkirin shekara guda ba ƙaramar asara ba ce: wanda ya cika shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, guraben aiki da yawa kuma suna ƙayyade shekaru, ga mahaifin da zai sake biyan kuɗin makaranta da na ɗaki na shekara guda saboda kwas ɗaya.