Shanun Gidanmu Dubu

Jiya bayan Magariba 'yata mai shekara shida ta kawo aikin gida da ya sa na ajiye waya. Malamarsu ta ce kowa ya zana wani abu na cikin gida, ya rubuta 'yar waƙa a jikinsa, kalmomin su bi siffar abin. Ta ce kuma a nemi taimakon mutanen gida.

Yarinya ta zana tsintsiya, ta tsaya tana taunar fensir. Ni ma na rasa abin cewa. Inna ce daga kan tabarma ta ce, "Ke kishiyata, ƙulun ƙulufit!" Ta ce, "Gauta!" Inna ta ce, "Shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce, "Kaka, na ba ki gari." Sai Inna ta miƙa yatsa ta nuna mata zanen da ke gabanta. Ku zo ku ga tsalle!

A jikin kowane tsinke ta jera "shanun gidanmu dubu", tana juya takarda, harshe a waje. A wuyan tsintsiyar ta naɗe "maɗaurinsu ɗaya" kamar igiya. Wannan yarinyar, da an ce ta kwafi layi ɗaya sau goma, sai an yi kuka da majina. Jiya ba wanda ya ƙirga mata. Lanƙwasar ɗ da kullum take mantawa, da kanta ta goge ta gyara.

Abin da ya tsaya mini a rai Inna ce. Ba ta yi boko ba. Duk ranar da aka buɗe jakar makaranta, sai ta ja carbinta ta yi gefe, kamar abin bai shafe ta ba, alhali cikinta cike yake da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da na raino. Kusan kowane aikin gida da ake ba yaranmu yana rufe wa irin su Inna ƙofa. Wannan kuwa sai da ita ya yiwu: kalma daga bakinta, rubutu daga hannun jika.

Na san wani zai ce wasa ne, ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mawaƙin Girka mai suna Simmias ya tsara waƙoƙi cikin siffar ƙwai da gatari da fukafukai. A 1918 aka buga littafin wani mawaƙin Faransa mai suna Apollinaire, a ciki har da waƙar ruwan sama wadda haruffanta ke zubowa ƙasa kamar yayyafi. Manya ne suka yi. Mu ma ba baƙi ba ne wajen haɗa rubutu da ado. Wanda ya taɓa ganin allon sauka, an ƙawata shi da zayyana ja da rawaya, ya san idonmu ya daɗe da sanin cewa rubutu abin kallo ne.

Malamai, don Allah ku ci gaba da ba da irin wannan aiki, amma kada ku ce sai an sayo kwali mai tsada da fenti. Bayan tsohuwar kalanda ya isa, gawayi a daɓen tsakar gida ma ya isa. Ku bar yara su yi da Hausa. Gidan da ajami aka iya, a yi da ajami. Mu kuma iyaye maza, mu daina tura komai wajen uwa. Minti ashirin ba zai hana mu fita majalisa ba.

Yau da safe kafin ta tafi makaranta ta ja zanin Inna tana neman wata. Inna ta ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Har yanzu ba ta ba da gari ba. Ta dai ce in ta dawo in ajiye mata takarda mai tsawo.