Jimamin rashi da ya daɗe ba rashin tawakkali ba ne

Sau da yawa idan an yi sadakar arba'in aka ga uwa na ci gaba da kukan ɗanta, sai a fara cewa, "Haba Hajiya, ina tawakkalin?" Wannan magana na ƙona mini rai. Hawaye ba ya kore imani. Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Kuma zuciya ba ta bin lissafin kwanaki.

Yawancin mutane raɗaɗin yakan lafa musu a hankali, ko da yana motsawa ranar Sallah ko idan sun ga takalman mamacin a bakin ƙofa. Amma akwai waɗanda abin ke riƙe su ƙam. Matar da ta gama takaba tuntuni, amma har yau ta kasa shiga ɗakin mijinta, ta bar sana'arta, kullum begensa kawai, tana zargin kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan a jerin cututtuka, a kundinta da ya fara aiki a 2022, idan ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa.

Yana da magani. Dakta Katherine Shear ta Jami'ar Columbia a Amurka ta tsara zama 16 da ƙwararre, inda mai jimami ke ba da labarin ranar rasuwar, sannan ya koma wuraren da yake gudu sannu a hankali. Ƙwayoyin rage ƙuncin rai kaɗai ba sa kawar da begen. A raka irin wannan baiwar Allah wurin likitan ƙwaƙwalwa, a ci gaba da yi mata addu'a.