Tsohuwar rigar lebura da almakashin tela

A kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, can arewacin birnin Paris, na sayi rigar aikina ta farko. Shuɗiya ce, irin wadda ma'aikatan Faransa suka daɗe suna sawa a masana'antu da gonaki da gareji, aljihu uku a waje, ɗaya a ciki, maɓallai jere a gaba. Gwiwar hannunta ta koɗe har ta yi fari-fari, kuma a aljihun ƙirji akwai shatin wani abu da mai ita ya yi shekaru yana sokewa, ko fensir ko ƙaramin sukundireba. Kafin na zo ƙasar nan, da wani ya nuna mini ita sai na ce gwanjo ce kawai, na wuce. Yau irinta goma sha ɗaya ke rataye a ɗakina, na Faransa da na Amurka da na Japan, kuma tara daga ciki sun ratsa hannun tela. Waɗannan taran su ne tushen gardamar da ba ta ƙarewa tsakanina da abokan da muke wannan sha'awa tare.

Su a wurinsu, almakashi bai kamata ya kusanci tsohuwar riga ba. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi. Kowane layin ɗinki da kowane maɓalli yana faɗin zamanin da aka yi rigar. Masu tara kayan Levi's, alal misali, da ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihu suke gane shekaru: idan harafin E na sunan Levi's da ke jikinsa babba ne, to kafin 1971 aka ɗinka ta. Ka yanke hannu ko ka rage ciki, ka goge wani sashe na wannan shaida, darajarta a kasuwa kuma ta faɗi nan take. Duk na yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne, su suna kallon rigar a matsayin kayan ajiya, ni kuwa har gobe ina ganin ta a matsayin abin da aka yi domin jiki mai motsi. Rigar da ba ta yi wa mai ita daidai ba, a rataye za ta ƙare.

Ai tun asali ma tela ne ya haifi wandon jins mai ƙusoshi na Levi's. Jacob Davis, tela ne a garin Reno na jihar Nevada, wanda ke ɗinka tantuna da bargunan dawaki. Wata mata ta zo ta nemi ya ɗinka wa mijinta wandon da zai jure aikin ƙarfi, sai ya ɗauki ƙusoshin jan ƙarfen da yake ƙarfafa kayan dawaki da su ya daddasa a kusurwoyin aljihu, inda wando ke fara yagewa. Da abin ya karɓu, ya haɗa kai da Levi Strauss na San Francisco, wanda ke sayar masa da yadi, suka samu takardar mallakar fasahar ranar 20 ga Mayu, 1873. Duk sanda wani ya ce mini kai rigar jins wurin tela cin mutuncinta ne, wannan mutumin nake tunawa, da tef a wuya, yana tunanin jikin lebura guda ɗaya.

Kuma duba yadda su kansu tsofaffin rigunan suke. Tsohon jaket ɗin Levi's, wanda masu tarawa ke kira 506XX, yana da ɗan maɗauri mai ƙarfe a baya domin mai shi ya tsuke ƙugu yadda yake so. A gaba kuma akwai ninki biyu-biyu a gefen maɓallai, an kama su da ɗan ɗinki wanda za a iya tsinkewa idan ana son ƙarin fili. Da aka fito da wanda ya biyo bayansa, 507XX, a 1953, sai aka cire maɗaurin baya aka sa 'yan kunnuwa masu maɓalli a gefen ƙugu. Masu ƙera su sun san jikin mutane ba ɗaya ba ne, sun bar ƙofar gyara a buɗe tun daga masana'anta.

Akwai wani abu da zaman nan ya nuna mini. Mu mun tashi da sanin cewa yadi ake fara samu, a auna mutum, sannan riga ta fito. A nan kuwa riga ce ke fara zuwa da lambarta a wuya, mutum ya je ya nemi lambar da zai shiga. Idan hannu ya yi tsawo sai ya naɗe, idan ciki ya yi yawa sai ya haƙura. Tela yana nan, amma a 'yan ƙananan shagunan gyara, kuma ladan aikinsa wani lokaci yakan kai kuɗin rigar kanta, shi ya sa da yawa ba sa ma tunaninsa. Ni kuwa ban iya haƙura da hannun riga yana rufe mini yatsu ba. Wannan ɗabi'a ta amfane ni, amma ita ce kuma ta sa na yi asarar da har yau nake jin ta.

Riga ta biyu da na saya, baƙa ce ta yadin da suke kira moleskin, auduga mai saƙa cunkus wadda aka goge fuskarta har ta yi laushi, iska ba ta ratsa ta. Ta yi mini faɗi. Na kai ta wani shago inda aka fi sanin ɗinkin kwat, na ce a rage ta ta zauna a jiki. Aka yi mini abin da na ce. Aka matse ta daga hammata zuwa ƙugu, aka yanke rarar yadin aka zubar. A gaban madubi, hannuwa a sake, ta yi kyau ƙwarai. Washegari na miƙa hannu zan ɗauko jaka daga saman kabad, sai na ji bayanta ya ɗaure ni kamar igiya, hammata na cizo. Ba ta sake komawa yadda take ba, domin abin da aka yanke ya tafi. A nan na gane cewa faɗin rigar aiki da gangan aka yi shi. Mai sheƙa guduma da mai ɗora buhu a kafaɗa suna buƙatar wannan filin, ga kuma rigar sanyi da ake sawa a ciki lokacin hunturu.

Daga baya na samu wani dattijon tela wanda ya yi shekaru a masana'antar ɗinka kayan ma'aikata kafin ya buɗe nasa shagon. Ranar farko da na kai masa riga, bai taɓa tef ba. Ya ce, "Ɗana, sa ta. To, ɗaga hannu sama kamar za ka ɗauko kaya. Yanzu rungume kanka. Yanzu sunkuya ka taɓa takalminka." Sai da na yi duk wannan sannan ya ɗauki alli. Na ce, "Baba, kafaɗar fa? Kamar ta ɗan zarce." Ya girgiza kai ya ce kafaɗa ba a taɓa ta, wanda kafaɗar riga ba ta yi masa ba, ba rigarsa ba ce, ya mayar ya nemi wata. Hannu kuwa ana rage shi ba tare da wata illa ba. Gefe ana iya ɗan kamawa, amma kaɗan, kuma shi ba ya yanke rarar, ninke ta yake yi a ciki saboda gobe. Abin da dole sai an yanke, yana ƙunshe mini shi a takarda ya ce in ajiye, domin ranar da gwiwar hannu ta ɓule babu ƙyallen da zai dace da ita kamar nata. Zaren ma yana zaɓe. A kan tsohon yadi da na auduga yake aiki, domin zaren roba ya fi yadin ƙarfi, idan aka ja sai ya yanka shi maimakon shi ya tsinke.

A wurinsa na ga bambancin rigar Faransa da ta Amurka ƙarara. Ta Faransa, irin wadda kamfanoni kamar Adolphe Lafont na Lyon, da Le Mont Saint Michel da aka kafa a 1913, da Vétra da aka kafa a 1927 suka yi suna a kanta, mai sauƙin kai ce a hannun tela. Yawancinsu babu shafi a ciki, ɗinkin gefe miƙaƙƙe ne, aljihun liƙa su aka yi a waje. Ya farke bakin hannu, ya rage, ya mayar, ba mai ganewa. Jaket ɗin jins na Amurka kuwa taurin kai gare shi. Ɗinkinsa na allura biyu ne, an nannaɗe bakin yadi biyu cikin juna, ga ɗamarar ƙugu da ta ɗaure komai, ga maɓallan ƙarfe da aka buga da ba sa ciruwa. Abin da ya fi wuya shi ne launi. Shunin jins a saman zare yake zama, cikin zaren fari ne, saboda haka da wanki da gogayya sai kowane layin ɗinki ya yi nasa zanen fari da shuɗi. Ka farke ka matsar da ɗinkin, tsohon layin yana nan yana kallonka, sabon kuma ya fito da duhu kamar baƙo. Shi ya sa a jins gyara kaɗan ya fi. Na Carhartt, kamfanin da Hamilton Carhartt ya kafa a Detroit a 1889, matsalarsu daban: yadi ne mai kauri kamar tamfol, da yawansu da shafin bargo a ciki, keken ɗinki na gida ba ya ma iya huda inda yadin ya ninku.

Wani kuskure da mutane ke yi shi ne ganin tsofaffin jaket na jins sun yi gajarta. Haka aka yi su, domin wandon wancan zamani har cibiya yake kaiwa. Maganin wannan yana wurin wando, tela ba shi da abin yi a kai.

Sai kuma na Japan, waɗanda su ne suka sa gardamar tamu ta zama mai sauƙi a wurina. Lokacin da masaƙun Amurka suka koma manyan injuna masu saƙa yadi mai faɗi da sauri, wasu kamfanoni a Osaka, irin su Studio D'Artisan da ya fara a 1979, da Evisu a 1991, da Warehouse a 1995, suka duƙufa kwaikwayon tsofaffin kayan Amurka zare da zare, da yadin tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya, mai fitar da ƙyalle siriri da baki a rufe. Yankin Okayama, musamman Kojima, ya zama cibiyar wannan aiki. Masaƙar White Oak ta Cone Mills da ke Greensboro, wadda ta daɗe tana ba Levi's yadi, ta rufe a ƙarshen 2017, abin da ya ƙara wa na Japan daraja. To, waɗannan riguna sababbi ne, ana ci gaba da ɗinka su, babu wani tarihi da almakashi zai ɓata. Amma har su ma sai ka ga mutum yana tsoron taɓawa, ya biya kuɗi masu yawa yana yawo da hannu naɗe. Abu ɗaya kawai za a kiyaye: da yawansu ba a bi da yadin ta hanyar hana tsukewa da Sanford Cluett ya ƙirƙiro wajen 1930 ba, saboda haka wankin farko na iya cinye kusan kashi 10 cikin ɗari na tsawonsa. A jiƙa, a wanke, ta bushe, sannan a je wurin awo. Wanda ya yanke kafin wanki zai tarar da hannu ya tsaya masa a tsintsiyar hannu ko sama da ita.

Abin da ba na saye ko kyauta shi ne sabuwar rigar da aka tsufar da ita da gangan a masana'anta. Wata hanyar da aka daɗe ana bi ita ce fesa wa jins yashi da ƙarfin iska, kuma ƙurar ta jawo wa ma'aikata cutar huhu mai kisa, har Turkiyya ta haramta aikin a 2009. Tufar da aka ƙirƙiro domin ta kare lebura, a ce lebura ya rasa numfashinsa domin ta yi kama da wadda aka yi aiki da ita, wannan zuciyata ba ta ɗauka.

Biyun da ban kai wa tela ba fa? A nan ne nake tare da abokaina. Ɗaya tsohuwar shuɗiya ce wadda faci ya kusa fin asalin yadin yawa, duk da hannu aka yi su, ɗinki ƙanana a jere, wani facin a kan wani, launi uku ko huɗu na shuɗi. Wani ko wata ta zauna dare da dare tana riƙe wannan riga da rai. Ta yi mini yawa a kafaɗa, kuma ba zan sa almakashi a aikin hannun wannan baiwar Allah ba. Haka nan duk wanda ya ci karo da abin da ya rage kaɗan a duniya, kamar 506XX na kafin yaƙin duniya na biyu, idan bai yi masa ba ya bar wa wanda zai yi wa. Amma irin waɗannan nawa ne? Shuɗayen rigunan Faransa an ɗinka su da ɗimbin yawa shekaru da dama, suna nan tuli a kasuwanni. Kuma ita wannan mai facin, idan aka duba ta da kyau, shaida ce a gefena: an rage mata hannu tun a hannun mai ita na farko, tsohon layin kalmasar yana nan ana gani.

Yanzu haka akwai ɗaya a wurin Baba tela, ta Le Laboureur, masu ɗinki a garin Digoin. Santimita uku zai rage a kowane hannu, ciki kuwa ya ce a bar shi yadda yake saboda sanyin da ke tafe. Na roƙe shi ya yi amfani da abin da ya yanke ya toshe wata 'yar ɓula da ke ƙasan aljihun dama, ya ce ƙyallen zai isa har ya yi saura. Ranar Asabar zan je karɓowa, da rigar sanyi a jikina, domin ya ce sai na sake ɗaga hannu a gabansa kafin ya bar ni na fita da ita.