Hannu goma sha ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa

Makon jiya ƙanena da ke karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya same ni gida a Tudun Wada riƙe da kwamfutarsa. Ya ce, "Yaya, an ce kowa ya kalli wannan kafin Litinin, zo mu kalla tare." Tsohon fim ne marar kala na shekarar 1957, sunansa 12 Angry Men, Reginald Rose ya rubuta, Sidney Lumet ya ba da umarni. Ba rawa, ba waƙa, ba dambe. Maza goma sha biyu ne aka kulle a ɗaki guda a birnin New York ranar da ake zabga zafi, fanka ta ƙi juyawa, kai ka ce Zariya ce a watan Afrilu an ɗauke wuta. Su ne masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa a Amurka su saurari shari'a su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Yaro ɗan shekara 18 ake tuhuma da daɓa wa mahaifinsa wuƙa. In sun ce ya aikata, kisa ne hukuncinsa, kuma dole sai bakinsu ya zo ɗaya.

Da aka ce wanda ya yarda yaron ya aikata ya ɗaga hannu, goma sha ɗaya suka ɗaga. Na takwas (da lamba ake kiransu, ba da suna ba), wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya bar nasa a kan tebur. Bai ce yaron bai yi ba. Cewa ya yi bai tabbata ba, kuma ran mutum ya fi ƙarfin a gama da shi cikin minti biyar. Daga nan aka shiga warware shaidu zare-zare. Wani tsoho cikin shaidu, mai jan ƙafa, ya ce cikin daƙiƙa 15 ya isa ƙofa ya ga yaron na gudu. Da suka auna tsawon ɗakin suka gwada tafiyarsa, sai ga daƙiƙa 41. Wuƙar da aka ce ba irinta, ga wata sak an caka a tebur kusa da ita.

Duk wanda ya kalla, na takwas yake yabo. Ni kuwa dattijon nan na tara ne ya tsaya mini a rai.

Akwai inda na takwas ya gaji, ya ce a sake ƙuri'a a asirce, a rubuce, shi ba zai jefa ba. In duk sha ɗayan suna kan bakansu, zai bi su. Aka buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, sai ga guda ta saɓa. Ta dattijon ce. Shi ma a lokacin bai gamsu cewa yaron ba shi da laifi ba. Ya dai ga mutum ɗaya tsaye ana yi masa taron dangi, ya ga ya cancanci a saurare shi. Da bai yi haka ba, da fim ya ƙare a nan, da yaron ya tafi. Kuma shi ne can gaba ya lura da sawun tabarau a karan hancin matar da ta ce daga kan gadonta ta hango kisan ta tagogin jirgin ƙasa mai wucewa. Wa ke kwanciya barci da tabarau?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. A 1951 Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a ce wanne ya yi tsawo ɗaya da wancan. Amsar a fili take, yaro ma zai gane. Amma idan duk na gabansa suka faɗi kuskure da gangan, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum guda kacal ya riƙa faɗin daidai, bin jama'ar ya ragu ƙwarai da gaske. Haka nan binciken Harry Kalven da Hans Zeisel na 1966 kan kotunan Amurka ya nuna cewa a kusan shari'a tara cikin goma, inda rinjaye ya karkata a ƙuri'ar farko can ake ƙarewa. Ashe abin da fim ya nuna ba kasafai yake faruwa ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko a ɗakin shari'a.

Na san haka a jikina. Shekarun baya ina koyarwa a wata sakandare, aka sa ni cikin kwamitin ladabtarwa, mu bakwai, ni ne ƙarami. Wayar wani malami ta ɓata a ofis, aka ce an ga wani ɗalibi ya shiga. Ina tuna shi tsugune a bakin ƙofa, rigarsa ta yi fari don wanki, yana murza hularsa a hannu, yana cewa, "Wallahi Malam, alli aka aike ni ɗaukowa." Shugaban kwamiti ya fara magana, ya ce yaron dama ɗan unguwa kaza ne, an san halinsu. Aka bi layi daga babba zuwa ƙarami, kowa "haka ne, ranka ya daɗe." Tambaya ɗaya ce a bakina: wa ya aike shi, an kira shi an tambaye shi? Da aka zo kaina na dubi fuskoki shida, na haɗiye ta. Aka kori yaron. Ba a taɓa ganin wayar a hannunsa ba. Har yau idan na wuce ta Kwangila na ga samari masu gyaran babur, fuskarsa nake nema. Daga baya wata malama da ke cikinmu ta ce mini, "Ni ma fa raina bai kwanta ba, jira nake wani ya fara." Mu biyu ke nan, kujera ɗaya ce tsakaninmu.

Kotunanmu ba su aiki da irin waɗancan mutum goma sha biyun, alƙali ne ke yankewa, kuma ba kira nake a kawo su ba. Ƙa'idar ai muna da ita ta ɓangare biyu. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar ba tare da shakka mai tushe ba. Malaman fiƙihu kuwa tun ƙarnoni suke karantar da cewa ana kau da haddi da shubuha. Ma'izu da ƙafarsa ya zo ya yi iƙirari, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai yana bincikar ko lafiyarsa ƙalau. Amma yawancin hukuncin da ake yanke wa mutum a garin nan bai kai gaban alƙali. A zauren mai unguwa ake yinsa, da kwamitin masallaci, da ofishin 'yan sintiri, da taron dangi kan matar da aka yi wa ƙazafi. Mafi muni, a bakin kasuwa, da an ji "ɓarawo!" Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa gida Kano, taro ne ya yanke musu hukunci. Mun yi kuka, kuma ya kamata. Sai dai mu ma muna da tayoyi da fetur a namu titunan.

Fim ɗin yana da inda zan ja da shi. Na takwas ya je unguwar yaron da kansa ya sayo wuƙa ya shigo da ita, abin da ƙanena ya ce a kotun gaske zai iya rusa shari'ar. Sannan a ƙarshe na uku ne ya rage shi kaɗai, idanu ashirin da biyu a kansa, har ya yaga hoton ɗansa ya fashe da kuka. Matsin da aka yi wa na takwas da farko shi aka juyo masa da shi. Mai iya baki yana iya jan taro zuwa gaskiya, yana iya jansa rami. Shi ya sa ban yarda mu zauna jiran gwarzo ba. Tsarin zaman ya kamata a gyara.

Mun tashi da jin bin na gaba bin Allah ne, kuma girmama manya ado ne gare mu, ba na so ya gushe. To, tunda mun san ƙarami ba zai musa wa babba a bainar jama'a ba, in za a yanke wa mutum hukunci sai a faro daga ƙarami, shugaba ya yi magana a ƙarshe. In abin ya kai na kora ko miƙa wa hukuma, a raba 'yan takardu kowa ya rubuta nasa ya ninke. Wanda ya ce bai gamsu ba, a tambaye shi dalili, kada a tambaye shi ko ɗan uwansa ne. A wata mai zuwa kwamitin unguwarmu zai zauna kan wani almajiri da ake zargi da kwance famfunan masallaci. Na riga na yanka takardu tara, suna aljihun rigata, kuma na je na gaida Baba Liman na roƙe shi ya bari sai kowa ya gama kafin ya ce wani abu. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce in kawo takardun ya gani.