Saƙon "sabunta burauzarka" ba daga Chrome yake fitowa ba

Mutane da yawa, idan burauza ta riƙa karkatar da su zuwa wani shafi mai cewa Chrome ɗinsu ya tsufa, sukan gaskata su danna maɓallin saukewa, alhali fayil ɗin da ake miƙo musu shi ne cutar. Chrome yana sabunta kansa a kwamfuta, a wayar Android kuwa ta Play Store ake yi. Goge burauzar a sake girka ta ma ba lallai ya wadatar ba, domin ƙaramar manhajar da ta maƙale a cikinta (extension) tana jawo karkatarwar kan dawo idan an haɗa da asusun Google. Sai an cire ƙaramar manhajar, an soke izinin sanarwa na baƙin shafuka, sannan a binciki kwamfutar da Microsoft Defender, manhajar tsaro ta Windows.