Canjin Marayu

Jiya na tsaya biyan kuɗi a wani babban kanti, yarinyar da ke kan na'ura ta ce, "Malam, a bar canjin ga marayu?" Mutane na layi a bayana, kunya ta sa na ce a bari. Sai da na fito nake tambayar kaina: waɗanne marayu? Wace ƙungiya za ta karɓa, kuma yaushe? Ban tambaya ba. Ita ma baiwar Allah da alama umarni kawai aka ba ta.

Mai bayarwa dai ba ya asara in niyyarsa ta gyaru. Mun san labarin mutumin da ya fita da dare da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma karɓa masa. Tsorona ga mai riƙe kuɗin ne.

Kai mai kamfani, canjin dubban mutane ka tara. In ka kai shi inda ka ce, cikakke, a kan lokaci, kana cikin masu sadakar, haka Annabi (SAW) ya faɗa game da ma'aji amintacce. Amma ka ajiye shi watanni yana juya maka kasuwa, ka zaftare wani abu da sunan kuɗin gudanarwa ba ka faɗa wa kowa ba, sannan ka ɗauki hoto da ƙaton cek kana cewa "mun tallafa"? Da kuɗin wa? Ka ji tsoron Allah.

Kada mu tsaya kan kamfanoni ma. Ni kaina an taɓa tara kuɗin asibitin wani a asusuna, na taɓa su da cewa jibi zan mayar. Na mayar, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Da na mutu a daren nan fa?

Ibnul Lutbiyya zakka aka aike shi karɓowa, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ko allura ma'aikaci ya ɓoye, zai zo da ita ranar ƙiyama. Allura fa!

Ɗan'uwa, in akwai kuɗin maraya ko na majinyaci a hannunka yanzu, don Allah kar ka kwana da su. Ka mayar yau.